Dish Biyu a Bayan Tankin Ruwa

Ranar da har yau ban iya mantawa da ita ba, cikin duk shekarun da na yi ina hawa rufin gidajen Doha, wata Lahadi ce a watan Janairu, ina shekarata ta shida a kamfanin nan. A ƙasar nan Lahadi ce farkon mako, don haka takardun aiki sun taru a teburin Oga Fuseini. Shi ne sufabaizanmu a lokacin, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa Qatar da daɗewa. Ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya ya miƙo mini, ya ce, "Sama'ila, wannan naka ne. Karanta ƙasa."

Ga wanda bai gama sanin aikinmu ba a cikinku sababbin ma'aikata, mu muna sayar da talabijin ne, mu kai gida, mu kafa dish a rufi, mu ja kebul, mu saita tashoshi. Kowane aiki da takardarsa, mai ɗauke da sunan mai gida da lambar gini da abin da ya saya. Sabon ma'aikaci yakan fara a mataimaki, ya zama tekinishan, daga nan babban tekinishan, wanda shi kaɗai ake bari ya fita aiki ba tare da kowa ba. Ni a lokacin na kusa shekara biyu da samun wannan matsayi. A ƙasan takardar akwai wurin da ake rubuta buƙatar mai gida, kamar a ce kada a zo lokacin barcin yara. A wannan kuwa an rubuta: kada a zo da mota mai tambarin kamfani, kada kwalin talabijin ya fito fili, mutum ɗaya ya zo, kuma mai jin Hausa.

Sunan mai gidan Malam Mansur, malamin jami'a, Madinat Khalifa ta Kudu, hawa na biyu. Da na ga lambar ginin sai na ɗaga kai.

Oga Fuseini ya ce, "Ka san gidan ai."

Na ce na sani.

"To yalla, maza. Ɗauki farar a-kori-kura. Ka sa katin aiki a aljihu."

Sai na yi muku bayanin mutanen ginin nan kafin ku gane. A cikin 'yan arewa da ke aiki a Doha akwai wani rukuni da suke kiran kansu 'yan zaure. Likitoci ne da malaman jami'a da injiniyoyi, mutanen kirki, masu ilimi. Duk Juma'a bayan la'asar suna haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, su tattauna littafin da suka karanta. Ba sa shan lemon kwalba, da dabino suke zaƙaƙa shayi, suna shuka na'ana'a da zogale a baranda, 'ya'yansu da katako da yumɓu suke wasa. Babban abin alfaharinsu shi ne babu talabijin a gidajensu. Ba ka minti goma da ɗayansu ba tare da ya samu hanyar da zai sanar da kai hakan ba. Suna kiranta akwatin kashe ƙwaƙwalwa. Abin ya riƙa ba ni mamaki, domin da muna yara a Funtuwa malaman unguwa ne suke kore mu daga tagar masu talabijin. Na zo nan na tarar waɗanda suka fi kowa zurfi a boko su ne suke ƙyamar ta, kuma su ba maganar zunubi suke yi ba. A wurinsu mai kallo mutum ne da bai san darajar lokacinsa ba.

Na fara haɗuwa da su a wani taron Sallah a Al Rayyan. Aka tambaye ni sana'ata na faɗa. Wata mata mai farin tabarau, Dakta Saude, likitar yara, ta yi murmushi ta ce, "Ashe kai ne kake raba wa mutane guba gida-gida." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abincin bai ƙara yi mini daɗi ba.

Wata huɗu bayan haka, ita Dakta Sauden ta kira kamfaninmu, aka tura ni. A wannan gini take, hawa na uku. A cikin wadirob ɗin ɗakinta na sa mata ƙaramar talabijin, na huda bayansa na shigar da kebul, dish ɗin kuma na ɓoye shi a rufi bayan tankin ruwa. Ba ta haɗa ido da ni ba har na gama. Amma ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. Akwai wata mata siririya zaune a bakin gado, da hular ulu a ƙarƙashin gyalenta duk da zafin da ake yi. Ita ce ta karɓi rimot, ta riƙa ce mini, "Malam, bar wannan, mai wasan ƙauye. Cire waccan, surutu ne." Da wani mai barkwanci ya faɗa cikin kwata da babbar rigarsa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Dakta Saude tana bubbuga mata baya. Ban san sunanta ba, ban kuma tambaya ba.

To yanzu ga ni zan koma ginin, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan wancan aikin.

Na naɗe talabijin ɗin a bargo kamar madubi, na hau da ita. Malam Mansur ya buɗe ƙofa kafin in ƙwanƙwasa. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, cikin jallabiyar da ba ta ga guga ba. Ya leƙa matakala sama da ƙasa, sannan ya ce in shigo.

Ban taɓa shiga gida mai shiru irin wannan ba. Littattafai sun rufe bango tun daga ƙasa har silin. Hasken hantsi yana shigowa ta labule, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali kamar ba ta da inda za ta. A baranda tukwanen shuka sun bushe, sai guda ɗaya da ke da sauran kore. Agogon bango yana tafiya, amma sai ka ji kamar daga wani gida ƙararsa take fitowa. Na tsaya da kayana ina jin kamar na shigo cikin mafarkin wani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a falo za a sa?"

Ya ce, "A'a. Biyo ni."

Sito ya kai ni, ɗan ƙaramin ɗaki marar taga, cike da akwatunan tafiya. Ya riga ya share wuri a bango, ya ajiye kujera ɗaya tana fuskantarsa. Muna wucewa ta falo na ga hoto a kan kanta: shi da wata mata a bakin teku, iska ta ɗaga gyalenta, tana dariya. A hoton tana da jiki, amma ban yi shakka ba ko kaɗan. Mai hular ulu ce.

Ya ga inda nake kallo, ya ce, "Iyalina ce, Hajara. Wata bakwai ke nan da rasuwarta."

Na yi masa ta'aziyya. Na ɗauki injin huda bango na fara aiki.

Na hau rufi ni kaɗai. Ku da kuka saba hawa kun san yadda garin yake daga can a lokacin sanyi. Hazo ya kwanta a kan teku, dogayen benayen bakin ruwa suna tsaye a sama kamar ba su taɓa ƙasa ba. Tantabaru suna kewaya hasumiyar masallaci. Duk rufin da ka duba, dish-dish sun juya fuska wuri ɗaya kamar sahun salla. Wuri ɗaya ne kawai a rufin nan da ba a hango shi daga titi, wato bayan tankin ruwa. Nan na kafa na Malam Mansur, taku biyu daga na Dakta Saude. Na jona mita, na riƙa juya farantin a hankali, ƙararta tana hawa tana sirancewa, har ta tsaya a inda sigina ya cika. Na ɗaure noti na sauko.

Hoton farko da ya fito a siton nan daga wata tashar gida ne. Damina ce, gona kore shar, wani dattijo ya dafa fartanya yana bayanin yadda ake gane gero ya ƙoshi da ruwa. A bayansa hadari ya haɗu, wata mata ta wuce da ƙwarya a ka. Malam Mansur bai zauna a kujerar ba. Ya sulale ya zauna a kan akwati, hasken allon yana sauya launi a fuskarsa. Mun daɗe a haka. A ƙa'ida da na nuna masa rimot, ya sa hannu a takarda, na tafi. Amma na kasa motsi. Ni ma na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, a cikin ɗakin da babu ko taga.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka san wata bakwai ban ji ana Hausa a gidan nan ba? 'Yarmu tana aure a Kaduna, ɗanmu yana karatu. In na dawo aiki sai in ji bangon yana matsowa. Abokaina sun kawo mini littattafai a kan haƙuri da rashi, har guda tara. Na kasa wuce shafin farko."

Na ce, "Allah ya sa ta huta."

Ya ce, "Amin. Na gwada kallo a waya, amma waya a hannunka take magana. Ni so nake in shiga kicin in ji murya daga wani ɗaki, kamar akwai mutum." Ya nuna wajen hotonta da hannu. "Ita ta kafa zauren nan, Malam Sama'ila. A falon can aka fara. Shekara ashirin da huɗu muna tare babu wannan abin a gidanmu. Ita ce take cewa gidan da ke da hira ba ya buƙatar akwati. Ko shekara ba ta yi ba, ga abin da na shigo mata da shi. Shi ya sa na kawo shi nan, inda hotonta ba ya gani."

Maganar tana bakina. Jimla ɗaya ce kawai: ranka ya daɗe, na gan ta da rimot a hannu tana dariya. Na san za ta sauke masa kaya. Amma ɗakin da na gan ta ba nasa ba ne, wadirob ɗin ba nasa ba ne, kuma sharaɗi na farko a takardar ɗaukarmu aiki shi ne abin da ka gani a gidan mutum a gidan yake zama.

Ya juyo ya dube ni. "A cikinmu, akwai wanda ka taɓa sa wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na faɗin wanda na sa wa, ba na faɗin wanda ban sa wa ba. Kai ma in an tambaye ni, amsar ke nan."

Ya gyaɗa kai, ya sa hannu a takardar.

Ina saukowa da jakar aiki, a kwanar matakala, muka yi kaciɓis da Dakta Saude tana hawowa. Na gaishe ta. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta wuce ba ta amsa ba.

Mako uku bayan nan Oga Fuseini ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Hausarsa ta Zango ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Likitan nan na hawa uku ya kawo ƙara. Ya ce ka tona shi."

Abin da ya faru, kamar yadda ta rubuta, shi ne a zaman zaure na Juma'a wani ya yi barkwanci ya ce ya ji akwai masu ɓoye talabijin a cikin wadirob. Daga baya an gane a wata hira ya tsinci maganar, kuma da wasu mutane can daban ake. Amma ita ta haɗa wannan da ganina a matakala, ta yanke cewa ni ne. Ta nemi kamfani ya gaya mata gidan wa na je, Oga Fuseini ya ƙi.

Ƙa'idar ƙarar tona sirri ita ce a dakatar da ma'aikaci daga shiga gidajen mutane har kwamiti ya zauna. In aka same shi da laifi, sallama ce. Kuma kun sani, a nan kamfani ne kafil ɗinka, wato mai ɗaukar nauyinka, iƙamarka, takardar izinin zamanka, a jikin aikinka take. Sallama tana nufin jirgin komawa gida.

Oga Fuseini ya ce, "Ka faɗa wa wani?"

Na ce, "Ko matata ban faɗa wa ba."

"Na yarda. Amma ba ni kaɗai ne kwamiti ba. Khalas, magana ta ƙare, je ka sito."

Aka mayar da ni babban sitonmu na Al Rayyan ina warware kebul ina naɗewa. Kwanakin nan sun wuce mini kamar a cikin ruwa. Fanka tana juyawa a sama, talabijin ɗin gwaji guda goma a jere suna nuna teku ɗaya babu sauti. Ina naɗi ina tunanin Funtuwa, da tagar gidan wani ma'aikacin gidan waya inda muke ɗora haɓa muna kallon hoto fari da baƙi, da ranar da zan sauka a tasha in ce wa mahaifiyata an kore ni a kan abin da ban yi ba. Na san in na je wurin Malam Mansur na roƙe shi ya gaya wa Dakta Saude gidansa na je, zai yi. Amma don in roƙe shi sai na gaya masa abin da ya sa take tuhumata, kuma wannan shi ne ainihin laifin da ake zargina da shi. Duk ta inda na juya maganar, nan take dawowa.

Saura kwana biyu kwamiti ya zauna aka yi iska da ruwa, irin wanda ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara a ƙarshen sanyi. Gari ya waye dish sun karkace a unguwanni da yawa. Wayar ofis ba ta huta ba, duk ma'aikata suna waje. Bayan azahar Oga Fuseini ya kira ni ya ce Malam Mansur ya bugo sau uku, kuma ya ce in ba ni ba kada a turo kowa.

"Na ɗauki nauyin wannan a kaina," in ji shi. "Je ka gyara nasa. Wancan ɗayan, kada ka taɓa. Mai shi bai kira ba."

Na isa bayan la'asar. Malam Mansur ya rame fiye da yadda na bar shi. Ya ce tun asuba allon shuɗi ne kawai, gidan ya koma yadda yake. Da zan hau rufi ya ce zai biyo ni, wai shekararsa tara a ginin bai taɓa hawa ba.

Sama ta wanke tas. Ruwa ya kwanta a wurare a rufin, gajimare suna tafiya a cikinsa. Muna zagayawa bayan tanki muka ji ƙarar ƙarfe. Dakta Saude ce a durƙushe gaban dish ɗinta, ta naɗe hannun riga, tana fama da noti da wata ƙaramar sifana da ba ta dace da shi ba. Ba ta kira kamfani ba, domin ba ta so baƙo na biyu ya san abin da na sani.

Ta miƙe tsaye. Ta dube ni, ta dubi Malam Mansur, sannan ta dubi dish na biyu, ta bi kebul ɗinsa da ido har inda ya sauka ta bango zuwa hawa na biyu. Shi ma ya bi nata da ido zuwa hawa na uku. Tantabaru suka tashi daga kan tanki.

Ta ce, "Na zo duba tankin ruwa ne."

Ya ce, "To, Dakta. Ni talabijin ɗina ce ta lalace."

Sifanar ta faɗi daga hannunta. Ta zauna a kan bulon da ke ƙarƙashin tanki ta rufe fuska. Na ɗauka kuka take, sai na ga dariya ce, sai kuma ta koma kukan. Na ja baya zuwa wurin aikina na durƙusa na buɗe jaka, amma rufi ba shi da faɗin da zai hana ni ji.

Ta ce, "Malam, in yaro ya mutu a hannuna na dawo gida, ba na iya buɗe littafi. Waya kuma saƙonnin asibiti ne a cikinta. Sai in buɗe wadirob in kalli mata suna girki, har kaina ya yi shiru. Washegari in je in tsaya gaban iyaye in yi musu lacca a kan illar kallo."

Ya ce, "Ni dai kunyar Hajara nake ji. Ke ce aminiyarta, kin san yadda take a kan wannan."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Malam, ranakun da take hawowa wurina da yamma, bayan an fara yi mata ƙarin magani a asibiti, me ta ce maka muna yi?"

"Karatu."

"Ba mu buɗe littafi ko sau ɗaya ba. Ita ta sa na saya. Ta ce idonta ya gaji da rubutu, tana so ta ga mutanen gida suna shirme. Ita ta zaɓi tashoshin da kanta." Ta nuna ni da haɓa. "Ga wanda ya saita mata nan, tambaye shi."

Ya juyo gare ni. Na ce, "Tunda mai ɗakin ta faɗa, haka ne, ranka ya daɗe."

"Ka sani tun ranar nan?"

"Tun da na ga hoton."

Bai yi fushi ba, ko kuma in ya yi bai nuna ba. Ya koma ga Dakta Saude, muryarsa ta yi ƙasa. "Me ya sa ba ta gaya mini ba?"

"Ta ce kana alfahari da ita a gaban mutane. Ba ta so a kwanakinta na ƙarshe ka ga ta sauka daga abin da kuka gina."

Ya dafa tanki. Can nesa rana ta kusa taɓa rufin gidaje, komai ya koma launin zuma, har ruwan da ke ƙafafunmu. Yana kallon wajen ya ce, "Tana dariya?"

"Sosai. Har sai na kashe don kada tari ya kayar da ita."

"A watannin nan ban ji dariyarta ba ko sau ɗaya. Na ɗauka ciwon ne ya tafi da ita." Ya share ido da bayan hannu. "Ashe tana nan, hawa ɗaya a samana. Alhamdu lillahi. Wanne take so? Ki gaya mini sunan shirin."

Ta gaya masa. Ta shiga ba shi labarin wani maigari a wasan da kullum jakinsa yake kunyata shi, tana kwaikwayon yadda Hajara take kwaikwayonsa. Ni kuwa na jona mita na kama farantin. Ƙarar ta riƙa hawa a hankali a ƙarƙashin hirarsu har ta cika, na ɗaure.

Da na miƙe Dakta Saude ta ce, "Malam Sama'ila, na zalunce ka. Ka yafe mini. Tun daga ranar Sallar nan ma."

Na ce ya wuce. Ta ce in duba nata. Na ce an hana ni taɓawa sai da takarda. Nan take ta ciro waya ta kira Oga Fuseini, a gabanmu ta ce ta janye ƙararta, za ta aiko a rubuce da safe, kuma tana so a buɗe mata takardar gyara. Na ji muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "To, ba shi, ya gyara." Ana kiran magariba na gama, muka sauko mu uku.

Kwamiti bai zauna ba, aka mayar da ni fita aiki. Ban san abin da aka yi a zaure bayan nan ba, domin ni ba ɗan zaure ba ne, kuma ban bincika ba. Na dai san ba a rushe shi ba, har yanzu suna karatunsu, wasunsu kuma da gaske ba sa kallo kuma ba sa sha'awa, wannan ma rayuwa ce mai kyau. Dakta Saude ba ta fitar da tata daga wadirob ba, iyakar sanina. Malam Mansur ya yi shekara ɗaya ya koma gida kusa da 'yarsa. Sai da zai tafi ya ba ni izinin ba da labarin nan, ita ma ta yarda, da sharaɗin in sauya sunaye, kuma na sauya.

Na sha tambayar kaina ko daidai na yi da na bar bawan Allah nan makonni yana jin ya ci amanar matarsa, alhali maganin yana bakina. Har yau ba ni da amsar da ta kwantar mini da hankali gaba ɗaya. Abin da na sani shi ne, ni minti biyar na ga Hajara. Da ni na faɗa, da labarin wani baƙo ne da ya leƙa ɗakin mutane. Wadda ta zauna da ita duk yammacin nan, ta riƙe ta tana tari, ita ce take da abin da zai ba shi.

Don haka ku da kuka shigo bana, za a koya muku ɗaure igiyar tsaro da karanta mita, kuma cikin wata uku za ku iya. Abin da ya fi wuya shi ne shiga gidan mutum. Za ku haɗu da wanda ya raina sana'arku a bainar jama'a, ya kira ku a ɓoye. Kada ku rama, kada ku yi masa murmushin na-kama-ka. Ba ku san abin da ya dawo da shi daga wurin aiki ba, ba ku san wanda ya rasa ba. In ya ce a sa a sito, ku tambaye shi wane bango, kada ku tambaye shi dalili. In kuma shi da kansa ya fara faɗin dalilin, ku ajiye sukundireba ku saurara, ko da akwai gida biyar suna jiranku.